Alwalar Yaya Ilu a Rauda

Ku 'ya'yana, musamman ke Hadiza da kika fi kowa tambaya, wannan shi ne babin da na daɗe ina kewaye shi. Kun taso kun tarar gidanmu da gidan Baffanku Ilu ba a shiga ba a fita, ba suna ba biki, sai gaisuwar hanya. Kun kuma ji labari iri biyu. Mahaifiyarku tana ce muku ubanku ya tsaya a kan gaskiya a Saudiyya har ya ceci jama'a daga guba. 'Yan ɗakin su Ilu kuma suna cewa na ci amanar wanda ya kai ni, na sa aka koro shi ni na zauna. Ni da abin ya faru a hannuna, har yanzu da furfura ta cika mini kai ban san wanne ya fi kusa da gaskiya ba. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da 'yar firamare, saboda haka ba zan iya jera muku hujjoji ba. Zan dai faɗi abin yadda ya auku.

Ilu ɗan wan mahaifina ne, ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. Shi ya nema mini biza, shi ya tarye ni a filin jirgin Riyad, shi ya saya mini bargona na farko. A lokacin ya daɗe a can, yana da mata, Hajiya Kande, da 'ya'ya biyu da aka haifa a garin, waɗanda Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu. Shi ne mai kula da ma'aikata a wani ƙaramin kamfanin feshin maganin ƙwari, kuma a ƙarƙashinsa aka sa ni. Aikinmu kyankyasai, gara, kuɗin cizo da ɓeraye. Yau muna dogayen benayen ofis na Ulaya, gobe muna bayan shagunan Dira inda kyankyaso yake kai girman babban yatsa. Ni ina kwana a ɗakin gwauraye a unguwar Shifa, amma duk Juma'a a gidan Yaya nake cin tuwo. Hajiya takan ajiye mini ƙanzo, yaran kuma su sa ni in faɗi wata kalma da Larabci don su kwashe da dariya. Ban taɓa jin ni baƙo ne a gidan nan ba. Ku riƙe wannan, don shi ne abin da na rasa.

Ƙa'idar aiki ita ce, idan an tashi, ragowar maganin da ke cikin tanki da ruwan ɗaurayar tankin a mayar da su harabar kamfani a juye cikin wasu durom. Harabar kuwa tana can arewacin gari, mu muna kudu, ga cunkoson mota, ga zafin da ko sitiyari ba ya taɓuwa. Ba zan ɓoye ba, ni na fara gajiya da wannan tafiya, ni na kuma nemo mafita. Wata rana na ɓace hanya a bayan Shifa, na bi kwalta har ta ƙare, na ci gaba a kan burji, sai ga wani kwari shimfiɗaɗɗe tsakanin duwatsu. Ƙasarsa ta tsage kamar tafin ƙafar manomi, ba ciyawa ba inuwa, sai wasu 'yan ƙayoyi busassu. Na dawo na faɗa wa Yaya.

"Ka tabbata ba gonar kowa ba ce?" ya ce.

"Gona? Yaya, wurin nan ko aljani ba zai yi noma ba."

"To ai kai ne aljanin, tunda ka gano shi."

Muka yi dariya, daga ranar kuma can muke juye tanki. Akwai wani lungu da ya fi ko'ina zurfi, nan nake buɗe famfon da hannuna, ruwan ya fito fari kamar nono, ƙasa ta shanye nan take. Ku gane, mu mutanen bakin kogi ne. A wajenmu ƙasa mai rai ana ganinta da ido: akwai laima, akwai kwaɗo, akwai shanu. Wurin da ba kore, a tunaninmu ba ƙasa ba ce, fili ne kawai da Allah ya bari. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me ya sa ƙasar ta tsage ba, alhali tun ina yaro na san laka ce kaɗai take tsagewa haka, bayan ruwa ya kwanta a kanta ya janye. Na sani a gida, na manta a Riyad.

Wata rana da yamma muka tarar da wani tsohon Balarabe a kwarin, shi kaɗai, da motarsa da tankin ruwa a baya. Yana durƙushe yana shuka wasu 'yan tsirrai masu ƙaya, kowanne ya kewaye shi da waya. Daga baya na san sunansa Abu Fahad, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma yana cikin wasu mutanen gari masu aikin sa kai, da suke tsince shara a daji suna dasa itatuwa. Da ya hango tankinmu sai fuskarsa ta washe. Ya zaci mu ma ban ruwa muka zo yi. Ya shimfiɗa darduma, ya zuba mana gahawa, ya miƙo dabino, yana ta sa mana albarka, Yaya yana amsawa da amin. Ya yi dogon bayani yana nuna duwatsu yana nuna ƙasa. Larabcina a lokacin na sayen burodi ne, kalmar ruwa kawai na tsinta. Da muka koma mota da tankinmu a cike, na tambaya.

"Yaya, me tsohon nan yake cewa?"

"Surutun tsofaffi ne. Ja mu tafi."

"Na ji yana ta ambaton ruwa."

"Kowa a ƙasar nan ruwa yake ambato. Gobe mu zo da wuri kafin ya iso."

Ban sake tambaya ba. Ko Yaya ya fahimci abin da tsohon ya faɗa ya danne, ko shi ma ya ɗauke shi zancen wofi, ban sani ba. Abin da na sani shi ne na sha gahawar mutum, na ci dabinonsa, na karɓi addu'ar da ba tawa ba, washegari kuma na dawo na buɗe famfo.

Da sanyi ya shigo sai aka yi ruwan sama irin wanda tsofaffin mazauna suka ce an jima ba a ga kamarsa ba. Tituna suka cika, burji ya lalace, muka koma kai ragowa harabar kamfani dole, na ma manta da kwarin. Bayan 'yan makonni sai 'yan ƙasarmu suka shirya fita daji ranar Juma'a, kamar yadda mutanen garin suke yi idan ƙasa ta yi kore. Wadda ta zaɓi wurin Sista Bilki ce, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zariya, mace mai kaifin baki, wadda take bin masu aikin sa kan nan duk ranar hutunta. Ta ce akwai wata rauda kusa, wato kwarin da ruwa yake taruwa ya yi ciyawa, ta ce duk wanda ya gani zai zaci Mambila ce. Aka yi ayarin motoci bayan sallar Juma'a, likitoci da injiniyoyi a gaba, mu direbobi da leburori a baya da tukwane. Ina motar Yaya, a gidan gaba, Hajiya da yara a baya. Muka wuce Shifa. Kwalta ta ƙare. Muka hau burji. Na dubi Yaya, shi kuma hanya kawai yake kallo.

Wallahi ban gane wurin ba sai da na ga wayoyin tsirran tsohon. Kore ne shar har gindin duwatsu, da furanni rawaya da shuɗi, ƙamshi kamar an buɗe kwalbar turare. Tsuntsaye, ƙudan zuma suna shawagi, can nesa raƙuma suna kiwo. A tsakiya kuma, daidai lungun nan mai zurfi, ga tafki kwance, garau, sama tana ciki. Gefensa ɗaya kaɗai ne ba ciyawa, wani fili kamar sanƙo, kuma ni na san ƙafar wa ta saba tsayawa a wurin. Mata suna ta salati, yara suka zube da gudu. Hajiya Kande ta dafa ƙirji.

"Alhaji, ashe akwai irin wannan a bayan gidanmu, shekara da shekaru ba ka taɓa kawo mu ba?"

"Ai ga shi kin zo," in ji Yaya.

A nan ne laifina na biyu yake. Tun daga saukarmu har la'asar ina da damar in ja Yaya gefe, mu yi magana ta 'yan'uwa, mu san dabarar da za mu hana mutane ruwan ba tare da kowa ya ji kunya ba. Haka ake yi, haka aka koya mana. Ban yi ba. Na yi ta hura wuta, na yi ta yanka albasa, ina satar kallon tafkin, ina ce wa kaina ruwan sama ya yi yawa ai ya wanke komai, can kuma in ce ina ya wanke shi ya kai, tunda nan ne ƙarshen gangaren? Shi ma Yaya bai neme ni ba. Duk inda na tsaya sai ya koma wancan gefen.

Da la'asar ta yi sai aka ga ruwan da aka zo da shi ya tafi a girki da shayi, ɗan abin da ya rage na sha ne. Wani ya ce ina abin damuwa, ga ruwan Allah kwance. Maza suka fara naɗe hannun riga suna gangarawa. A gaba akwai Malam Tukur, direban wata makaranta ne amma ya yi karatun littattafai a zaure, shi yake ja mana salla a irin wannan taro. Na ji ƙafafuna sun ɗauke ni, na sha gabansu, ban san me zan ce ba sai da na ji bakina yana faɗa.

"Jama'a, kada a taɓa ruwan nan. Akwai mushen kare a ciki."

Aka ja da baya, ana a'uzubillahi. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, na tsira, Yaya ya tsira, ba wanda zai kurkure baki. Sai Malam Tukur ya gyara hula.

"Ina mushen yake, Sabi'u?"

"Ɗazu na gan shi, Malam. Can wajen. Wataƙila ya nutse."

"Kare ya nutse a ruwan da bai kai gwiwa ba?" wani injiniya ya ce, aka yi dariya.

"Ku bar shi," in ji Malam. "Ko da akwai, ai hukuncin a fili yake. Ruwa mai yawa irin wannan, muddin launinsa bai canza ba, warinsa bai canza ba, ɗanɗanonsa bai canza ba, mai tsarki ne, ana alwala da shi."

Ya tsuguna ya kamfato da tafinsa, ya ɗaga wa rana. Garau. Ya kai hanci, ya shaƙa, ya girgiza kai alamar ba komai. Ni na san maganin da muke aiki da shi, idan ya sha ruwa ba ya launi ba ya wari. Na zaɓi ƙaryar da littafi yake da amsarta. Saura ɗanɗano, Malam ya sake kamfata zai kai baki, sai Yaya Ilu ya ratso mutane.

"Dakata, Malam. Yaron nan ƙanena ne, tsoro ne da shi tun yana ƙarami. Bari ni in fara, kowa ya gani."

Ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya wanke hannuwansa a nutse. Har yau ina juya wannan a raina. Don ya rufe mini baki ya yi, ko don kada Malam ya ɗanɗana ya sa kansa a gaba? Nakan wayi gari da ɗaya in kwana da ɗaya. Ya cika tafinsa na dama ya ɗago zuwa baki. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na damƙe wuyan hannunsa, ruwan ya zube a rigarsa.

"Yaya, don Allah kada ka sa a baki! Ka san abin da muka zuba a nan!"

Da ƙarfi na faɗa. Ban yi niyyar ƙarfi ba, amma har matan da suke can wajen tukwane sun ji. Yaya bai fizge hannunsa ba, ya dai dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba, ba fushi ba ne, kamar mutumin da ya taka matakala ya ji babu ita. Hajiya Kande ta ruga ta finciko 'yarta Fatima da take wasa a bakin ruwan, ta hau goge mata ƙafafu da mayafinta. Sista Bilki ce ta fara magana.

"Me kuka zuba? Kai nake tambaya, Malam Sabi'u, dube ni. Wane magani? Tun yaushe?"

Na faɗa mata sunan da ke jikin jarkokin, na ce tun farkon zafi. Ta ce innalillahi, ta juya ta fara ba da umarni kamar tana asibiti: duk yaron da ya taɓa ruwan a wanke shi da ruwan sha, kada a bar ko ɗigo don shayi. Hayaniyar ce ta jawo Abu Fahad, wanda ashe yana can gefe da mutanensa suna duba tsirrai. Ya tambayi Sista me ya faru. Ta dube ni, kamar tana neman izini, ni kuma na sunkuyar da kai, ban ce e ba ban ce a'a ba. Ta faɗa masa. Tsohon ya matso ya leƙa fuskata, ya leƙa ta Yaya, ya ce wata gajeriyar magana. A lokacin Larabcina ya ɗan ƙaru, na gane. Cewa ya yi, "Ku ne masu ban ruwan nan." Ranar da taimama aka yi la'asar, ga ruwa kwance a gabanmu. Ni a sahun baya na tsaya, kuma ba zan iya ce muku raka'a nawa na yi ba.

Washegari na je gidan Yaya. Bai fito ba. Hajiya ce ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ce in shiga ba.

"Sabi'u, ba ka da bakin da za ka ja shi gefe?"

"Hajiya, ruwan ya kusa bakinsa."

"Kafin nan fa? Tun azahar kuna wuri ɗaya. Ina kallonka kana yanka albasa."

Ta ci gaba.

"Ni ban ce ka bar 'yata ta sha guba ba. Shi ma na faɗa masa abin da na faɗa masa, tsakanina da shi ne. Amma a gaban likitoci? A gaban matan da nake zama da su? Mutumin da ya ɗauko ka daga ƙauye?"

Ta rufe ƙofar a hankali. Da ta buga ta da ƙarfi da ya fi mini sauƙi.

Masu aikin sa kan ba su bar maganar ba, kuma ban ga laifinsu ba. Wurin nan shekaru suka yi suna wahala a kansa, ga masu raƙuma, ga masu zuma. Suka kai ƙara hukuma. Abu Fahad da Sista Bilki suka zo har ɗakinmu suka roƙe ni in nuna daidai inda muke juyewa, don a san ƙasar da za a kwashe. Na nuna. Da ma'aikatan hukuma suka tambaye ni wa yake kula da mu, na ce Ilu, kuma gaskiya ce. Ba su tambaye ni wa ya gano kwarin ba, ni ma ban faɗa ba. Na ce a raina idan sun tambaya zan faɗa. Kun ga irin gaskiyar ubanku, mai jira sai an tambaye ta. Aka ci kamfanin tara. Kafil ɗinmu, wato mai kamfanin da iƙamarmu, takardar izinin zama, take hannunsa, ya rantse bai san komai ba, wataƙila ma da gaske yake, ya ɗora komai a kan Yaya, ya buga masa fita ta ƙarshe. Ni ma ya sallame ni. Sai dai Abu Fahad, ba tare da na roƙe shi ba, ya yi magana da wani abokinsa mai gidan renon itatuwa, aka mayar da iƙamata can. Na karɓa. Kuna ƙanana, ga mahaifiyarku, ga tsohuwa ba lafiya. Haka na faɗa wa kaina, kuma ba ƙarya ba ne. Amma duk wanda ya tsaya daga nesa abin da zai gani shi ne: ƙane ya yi magana, wa ya tafi gida, ƙane ya sami sabon aiki a hannun mai ƙara.

Ranar tafiyarsu na je na ɗauki kaya. Yaya bai hana ni ba, bai kuma ce mini komai ba. Yaran suna kuka da Larabci, za a kai su ƙasar da ba su taɓa gani ba, a cire su daga makaranta a tsakiyar shekara. Fatima ta tambayi uwarta ko a Najeriya akwai rauda.

Na yi shekaru bayan haka ina bin su Abu Fahad. Da hannuna na taya kwashe ƙasar lungun nan, na yi dashe, na yi ban ruwa na gaske. Sista Bilki kuma ta mayar da ni ɗan rakiyarta, muna bin ɗakunan 'yan ƙasarmu ranar hutu. Ita ta yi bayanin asibiti, ni in yi na ma'aikaci: kada a ɗebi ruwan sha a jarkar magani ko an wanke ta da omo, kada a sa ƙwayar adana wake a ɗaki don kuɗin cizo, tana kashe mutum har na maƙwabta. Wasu sun ji, wasu sun ce mu Hausawa ba ma yar da jarka mai kyau. Samari suka sa mini suna Sarkin Guba. Wani dattijo a Dira ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To mun ji wa'azi. Ina labarin Ilu?" Sista takan ce in daina sunkuyar da kai, abin da na yi daidai ne. Ni kuma in rasa wanne daga ciki take nufi. Ban san ko don Allah na yi wannan yawon ba, ko don in sami wurin tsayawa ranar Juma'a tunda ba gidan da zan ci tuwo. Itatuwan sun girma, wannan na gani da idona. Sanƙon nan kuwa har na baro ƙasar ciyawarsa ba ta kai ta kewayensa ba.

Da na dawo gida gaba ɗaya, na je wurin Yaya a Haɗeja. Ya buɗe ɗan shagon iri da taki a bakin kasuwa, ya tsufa fiye da shekarunsa. A kan kanta akwai jarkokin maganin feshi a jere, ni ban kalle su ba, shi ma bai kalla ba. Ya ba ni benci, ya amsa gaisuwata duka, ya aika aka kawo mini fura. Na ce masa na zo neman gafara, na kuma faɗa masa ban gaya wa hukuma ni na gano kwarin ba.

"Na sani," ya ce. "Ni ma ban gaya musu ba."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. An tambaye shi ke nan, ya yi shiru. Na rasa inda zan sa idona. Muka zauna, masu saye suna zuwa suna tafiya. Can ya juyo.

"Sabi'u, tambaya ɗaya nake da ita. Na sha wanke tankin nan da hannuna, ba safar hannu ba komai, ga ni zaune. Da ka bar ni na kurkure bakin nan na tofar, me zai same ni?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Sistar taku ba ta faɗa maka ba?"

"Ta ce ba a sani ba. Wataƙila ba komai. Wataƙila kuma wani abu. Kuma bayanka akwai sahu guda na masu jiran alwala."



"To ni ma ban sani ba," ya ce. "Sha furarka."

Na sha. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba, ni kuma ban sami ƙarfin sake tambaya ba. Da zan tafi ya rako ni har bakin kwalta, abin da wa ba ya yi wa ƙane, kuma har yanzu ban gane ko girmamawa ce ko sallamar baƙo ba.

Saboda haka ga abin da nake so daga gare ku. Kada ku ƙara cewa ubanku jarumi ne a gaban 'ya'yan Ilu, sun biya kuɗin jaruntar da ba su saya ba. Kada kuma ku yarda a ce muku da na bar shi ya kai ruwan nan baki. Idan aka mayar da ni bakin tafkin yau, zan sake kama hannunsa, wannan kaɗai na tabbata. Ranar da tawa ta zo, kafin ku kira kowa, kai Auwalu ka hau mota ka je Haɗeja da ƙafarka ka faɗa masa, kada ya ji a waya. Idan bai zo ba kada ku riƙe shi. Idan ya zo, ku ba shi buta da ruwa mai kyau, ku matsa masa a sahun gaba.